Maurice Wilks

Maurice Fernand Cary Wilks (19 ga Agusta, 1904 – 8 ga Satumba, 1963) injiniyan motoci ne ɗan ƙasar Birtaniya. Ya jagoranci sashen ƙere-ƙere na kamfanin Rover fiye da shekara 25, daga baya ya zama shugaban kamfanin baki ɗaya. An fi saninsa da ƙirƙiro motar Land Rover, wadda Hausawa ke kira Landiroba. Tunanin motar ya samo asali ne daga wata tsohuwar jif ta sojan Amurka da yake aikin gona da ita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a kan ƙashin jif aka haɗa samfurinta na farko a shekarar 1947. Sauƙin ƙirar da ya zaɓa ne ya sa har yau ake iya kwance tsofaffin motocin a sake ɗaura su a gida ko a ƙaramin gareji.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Wilks a tsibirin Hayling da ke yankin Hampshire a kudancin Ingila. Mahaifinsa, Thomas Wilks, darakta ne a wani kamfanin fatu, mahaifiyarsa kuwa tana cikin matan da suka yi fafutukar a ba mata damar jefa ƙuri'a. Ya yi karatu a kwalejin Malvern. A shekarar 1926 ya tafi Amurka, inda ya yi aikin shekara 2 da kamfanin General Motors, ya ga yadda ake ƙera motoci masu yawa a kan layi ɗaya. A 1928 ya koma gida ya kama aiki da kamfanin motoci na Hillman a birnin Coventry, inda wansa Spencer Wilks yake cikin shugabanni.

Aiki a kamfanin Rover

Spencer ya koma Rover a 1929, Maurice ya bi shi a 1930 a matsayin babban injiniya. A lokacin kamfanin yana gab da durƙushewa saboda asara da karayar tattalin arzikin duniya. 'Yan'uwan biyu suka raba aiki: Spencer ya riƙe kuɗi da gudanarwa, Maurice ya riƙe ƙira. Suka daina gasar yin motoci masu arha, suka rage yawan samfura, suka mai da hankali ga inganci. Kafin ƙarshen shekarun 1930 Rover ya dawo da cin riba, ya kuma yi suna wajen motocin likitoci, lauyoyi da manyan ma'aikata.

Da yaƙi ya ɓarke a 1939, kamfanin ya koma yin kayan yaƙi. Wilks ya jagoranci injiniyoyin Rover da aka ɗora wa aikin inganta injin jirgin sama na jet wanda Frank Whittle ya ƙirƙiro. An sha samun saɓani tsakanin ɓangarorin biyu a kan sauye-sauyen ƙira, har a farkon 1943 aka miƙa aikin ga Rolls-Royce, Rover kuma ya karɓi aikin ƙera injin tankar yaƙi mai suna Meteor. Jiragen Jamus sun lalata masana'antar Rover ta Coventry a 1940, don haka bayan yaƙi kamfanin ya tare a Solihull, kusa da Birmingham, a wata babbar masana'anta da gwamnati ta gina don aikin yaƙi. A 1946 aka naɗa Wilks daraktan fasaha.

Jif ɗin gona

Bayan yaƙi Rover ya shiga tsaka mai wuya. Ga babbar masana'anta da dubban ma'aikata, ga ƙarancin ƙarfe. Gwamnatin Birtaniya tana raba ƙarfe ne gwargwadon abin da kowane kamfani yake sayarwa a ƙasashen waje, motocin Rover kuwa na alfarma ne, kasuwarsu ta cikin gida ce. In ba a sami abin fitarwa waje ba, babu ƙarfe, in babu ƙarfe kuma babu aiki.

Wilks yana da gona a tsibirin Anglesey da ke arewacin Wales, inda yake zuwa hutu da iyalinsa. A can yake amfani da wata jif ta Willys, ɗaya daga cikin rarar motocin soja da aka sayar wa farar hula bayan yaƙi. Kamfanonin Willys da Ford sun ƙera irinta kimanin 640,000 tsakanin 1941 da 1945. Da ita yake jan kaya da itatuwa, yana ratsa laka da rairayi. Motar ta fara gajiya, kayan gyaranta suna da wuyar samu, sabuwa kuma sai da dalar Amurka, wadda Birtaniya ke tsimi a lokacin. Babu wata motar gida da za ta maye gurbinta.

Daga nan ne ya kawo wa wansa shawarar Rover ya ƙera tasa. Labarin da iyalin da kamfanin suka riƙe shi ne cewa a 1947, a bakin tekun Red Wharf Bay, Maurice ya zana wa Spencer siffar motar a kan rairayi. Abin da yake nufi shi ne motar manomi, wadda za ta yi aikin tarakta a gona, ta kuma hau titi ta kai kaya kasuwa. Dukansu biyu sun ɗauke ta a matsayin abin rage zango, na shekara biyu ko uku, kafin ƙarfe ya wadata.

Yadda aka ƙera motar

Samfurin farko an haɗa shi ne a 1947 daga abin da ke hannu: ƙashin ƙarfe da aksul na jif, da inji da akwatin giya na motar Rover. An sa sitiyarinsa a tsakiya kamar na tarakta, don kada a yi wahalar ƙera na hannun dama daban da na hannun hagu daban. An yi watsi da wannan tsari kafin a fara sayarwa. Cikin injiniyoyin da suka yi aikin a ƙarƙashin Wilks akwai Robert Boyle, Arthur Goddard, Gordon Bashford da Tom Barton.

Kusan kowane sashe na motar rashi ne ya tsara shi. Da yake babu ƙarfe, an yi bodin da wani haɗin alminiyam mai suna Birmabright, wanda masana'antun jiragen sama ke amfani da shi. Da yake babu kuɗin sayen manyan injunan matse bodi, an bar fallayen a miƙe, ana lanƙwasa su da ƙananan kayan aiki. Ƙashin motar, wato casis, an yi shi ne da sillayen ƙarfe huɗu da aka haɗa da walda suka zama kamar dogon akwati, sai ya fito da ƙarfi fiye da yadda aka zata. Hatta koren fentin motocin farko rarar fentin jiragen yaƙi ne.

Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya inci 80 ce, daidai da ta jif. Injin mai cc 1,595 ne, mai ƙarfin doki kimanin 50. An sa mata akwatin giya na biyu wanda ke kai ƙarfi ga tayoyi huɗu, yana kuma da ƙaramar giya ta hawan tudu da fita daga laka. An tanadi wata mahaɗa da ke juya injunan gona, kamar na sussuka, na yankan katako ko famfon ruwa. An ƙera motoci 48 na gwaji, sannan aka ƙaddamar da ita ranar 30 ga Afrilu, 1948, a bajekolin motoci na Amsterdam a ƙasar Holan, a kan kuɗi fam 450.

Karɓuwa a duniya

Motar rage zango ce ta ceci kamfanin. A shekarar farko ta cikakken aiki an ƙera kimanin 8,000, kuma zuwa 1951 ana sayar da Land Rover biyu a kan kowace motar alfarma ta Rover ɗaya. Rundunar sojan Birtaniya ta fara saye da yawa a 1949. An ƙara girman inji zuwa lita 2 a farkon shekarun 1950, an fitar da doguwar ƙira a 1954, mai amfani da dizal a 1957, sai zubi na biyu a 1958. An kuma ba da lasisin haɗa ta ga kamfanin Minerva a Beljiyam da Santana a Sifen. A 1955 zuwa 1956 ɗaliban jami'o'in Oxford da Cambridge sun tuƙa guda biyu daga Landan zuwa Singafo.

Wilks bai tsaya ga wannan kaɗai ba. A 1950 tawagarsa ta fito da JET1, motar farko a duniya mai injin irin na jirgin jet. A 1952 ta yi gudun fiye da kilomita 240 a awa ɗaya a Jabbeke, a Beljiyam, yanzu kuma tana ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan. A zamaninsa ne kuma aka fitar da motocin Rover P4 a 1949 da P5 a 1958. A 1956 ya zama manajan darakta tare da wansa, a 1960 ya riƙe muƙamin shi kaɗai, a watan Janairun 1962 ya zama shugaban kamfanin.

Landiroba a Arewacin Najeriya

Motar ta iso Najeriya a ƙarshen mulkin Turawa, lokacin da yawancin hanyoyin karkara na burji ne, masu zama taɓo da damina. Ta zama motar rangadi ta Di'o, da ma'aikatan En'e, da malaman gona da na dabbobi, da 'yan sanda da sojoji. A ƙasar Zazzau ta dace da ayyuka biyun da aka san ta da su tun asali, wato noma da soja. A Samaru akwai tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma aikinta ya ƙunshi kai sabon iri da gwaje-gwaje zuwa ƙauyuka da fadamu da ƙaramar mota ba ta iya shiga. A ɓangaren Sabon Gari kuwa akwai barikin horar da kuratan soja da aka kafa a 1924, da Makarantar Soja ta Najeriya da aka buɗe a 1954.

Daga ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Leyland ya riƙa haɗa Land Rover a Ibadan. Sai dai a shekarun da suka biyo baya motocin Japan, kamar Toyota Land Cruiser da Hilux, da akori-kurar Peugeot, sun ƙwace mata kasuwa. Waɗanda ma'aikatu suka yi gwanjonsu sun faɗa hannun makanikai da 'yan kasuwa, wasu aka mayar da su motocin janwe, wasu aka yanka aka sayar da kayansu.

Farfaɗo da tsofaffin motoci

Abin da ya sa masu sha'awar gyara a gida suka fi son Land Rover da jif shi ne bodinsu da ƙashinsu daban-daban suke, noti ne ya haɗa su. Mutum biyu ko uku suna iya sauke rufi, ƙofofi, fukafukai da kwandon baya, har ƙashin ya rage tsirara. Daga nan ake fara aiki, domin bodin alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, yana iya ɓoye ruɓaɓɓen ƙashi a ƙarƙashinsa. Wuraren da aka fi dubawa su ne gindin ƙashin ta baya, da hannuwan da ke riƙe da bodi, da bangon ƙarfen da ya raba inji da wurin zaman direba. Inda alminiyam ya taɓa ƙarfe kuma danshi ya shiga, yakan ci ya zama farin gari, shi ya sa ake raba su da roba ko fenti wajen ɗaurawa.

Bayan walda da fentin ƙashi, ana bin tsari daga ƙasa zuwa sama: sifirin, aksul, birki, sitiyari, sannan inji da akwatunan giya, sai wayoyi, bodi a ƙarshe. Tsofaffin ƙirar ba su da kwamfuta, sufana da jak da kayan walda sun isa yawancin aikin. Amma notocin zubin farko ma'aunin inci ne na Ingila, sufanun milimita na cinye musu kai. Motocin da suka yi rayuwa a busasshen yanayi irin na Arewa sun fi na Turai tsira daga tsatsa, domin a can gishirin da ake zubawa a titi da hunturu ne ke cinye ƙarfe. A nan ƙura da zafi da lodi fiye da kima ne suka fi gajiyar da inji da sifirin. A 2016 kamfanin da kansa ya shiga wannan harka, ya nemo tsofaffi 25 na zubin farko don sabunta su a Solihull.

Iyali da mutuwa

Wilks ya yi aure a 1937, ya haifi 'ya'ya 3. An san shi da kunya da gudun fitowa bainar jama'a, ya fi son ɗakin zane da gona a kan ofis. Ya mutu ranar 8 ga Satumba, 1963, a gonarsa kusa da Newborough a tsibirin Anglesey, yana da shekara 59, wata ɗaya kafin a ƙaddamar da Rover P6. An binne shi a harabar wani ƙaramin coci kusa da ƙauyen Dwyran a tsibirin.

Wani ɗan danginsu, Charles Spencer King, ya jagoranci ƙirar Range Rover wadda ta fito a 1970. Land Rover ta cika miliyan ɗaya a 1976. A 2015 an yi amfani da motoci 6 aka zana siffarta mai faɗin kilomita ɗaya a rairayin Red Wharf Bay don tunawa da zanensa. Ƙirar asali, wadda daga baya aka sa wa suna Defender, an ci gaba da yin ta a Solihull har zuwa ranar 29 ga Janairu, 2016, bayan an ƙera fiye da miliyan 2.