Taƙaitaccen Tarihin James Watt

An haifi James Watt a garin Greenock na ƙasar Sikotilan a shekarar 1736. Ya koyi sana'ar ƙera kayan awo, kana ya kama aiki a Jami'ar Glasgow. A nan ne aka ba shi gyaran ƙaramin samfurin injin tururi na Newcomen, irin wanda ake janye ruwa da shi daga ramukan haƙar ma'adinai.

Watt ya lura injin yana cin kwal fiye da kima, saboda a silinda guda ake cusa tururi, a kuma fesa ruwan sanyi domin tururin ya koma ruwa, nauyin iska ya danno fistin ƙasa. Ke nan a kowane bugu sai an sake zafafa silindar. A 1765 ya gano mafita: ya keɓe mazubi dabam inda tururin zai huce, silindar ta zauna da zafinta.

A 1775 ya haɗa gwiwa da Matthew Boulton a Birmingham, injinansu suka bazu cikin ma'adinai da masana'antu. Ya rasu a 1819. Injinsu na Smethwick, ƙirar 1779, yana adane a gidan tarihi na Thinktank da ke Birmingham. Sunansa kuwa aka laƙaba wa ma'aunin ƙarfin lantarki, wato wat.