Shehu Ibnu Khaldun, Malamin Ilimin Zamantakewar Al'umma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, da yawa daga cikinmu idan ɗansu ya shiga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya ce zai karanci ilimin zamantakewa, sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka ilimi ne na Turawa tsantsa. Gaskiya ne Auguste Comte na Faransa shi ya laƙaba wa fannin sunan da aka san shi da shi a jami'o'i, a ƙarni na 19. Amma fiye da shekara 450 kafin nan, wani alƙali Bamalike ya riga ya share fagen. Shi ne Abdurrahman ɗan Muhammadu, wanda aka fi sani da Ibnu Khaldun.

An haife shi a Tunis ranar 1 ga Ramadan 732 Hijiriyya, daidai da 1332 Miladiyya. Asalin gidansu Hadramaut, suka zauna Ishbiliya ta Andalus kafin su ƙetaro Afirka. Ya haddace Alƙur'ani, ya karanci fiƙihu da hadisi da lugga, ya ɗauki ilimin hankali wurin Shehu al-Abili. Yana da kamar shekara 17 annoba ta ɗauke mahaifansa biyu da malamansa da dama.

Daga nan ya shiga hidimar sarakuna a Fas da Garnaɗa da Bijaya. Ya ga ɗaukaka, ya kuma sha ɗaurin kusan shekara 2 a kurkukun Fas. Ya ga dauloli suna tashi suna faɗuwa a gaban idonsa, har ya gaji da makircin fada. A 1375 ya keɓe kansa a Ƙal'atu Ibni Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, inda a 1377 ya rubuta Muƙaddima cikin wata 5, a matsayin shimfiɗar babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar.

Abin da ya kawo sabo shi ne, kada a karɓi labari don amincin mai ruwaya kaɗai. A auna shi da yadda zaman mutane yake gudana, a ga ko zai yiwu. Wannan ya kira ilimin umran. Ya bayyana cewa ƙarfin haɗin kan jama'a, wato asabiyya, shi ke kafa daula. Kaka ya sha wuya ya gina, ɗa ya gani ya riƙe, jika ya yi koyi kawai, tattaɓa-kunne ya tashi cikin daɗi ya zaci gado ne ba wahala, sai ya rushe. Ya kuma nuna cewa idan sarauta ta yawaita haraji, manoma da fatake kan karaya, baitulmali ya ƙara bushewa, domin zalunci shi ke kashe gari. A cikin tarihinsa ya jera sarakunan Mali, har da Mansa Musa, ya kuma ambaci Takadda da ayarin da ke ratsa ta.

A 1382 ya yi ƙaura zuwa Masar. Ya zauna karantarwa a masallacin Azhar, ɗalibai suka yi masa dafifi. Sarki Barƙuƙ ya ba shi kujerar fiƙihun Malikiyya a makarantar Ƙamhiyya a 1384, daga baya ya karantar da Muwaɗɗa ta Imamu Malik a makarantar Sargatmish. Cikin waɗanda suka zauna gabansa akwai al-Maƙrizi, masanin tarihin Masar. Ra'ayinsa kan karantarwa abin lura ne ga malamanmu: a bi fanni sau uku, farko a taƙaice, sannan da sharhi, sannan a warware masu wuya, kada a cakuɗa wa ɗalibi fanni biyu lokaci guda, kuma yawan duka na koya wa yaro ƙarya da kasala.

Allah ya jarrabe shi a 1384, sa'ad da jirgin ruwan da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariyya. Ya yi haƙuri, ya sauke farali a 1387, ya koma kan karatu. Sau 6 ana naɗa shi alƙalin alƙalan Malikiyya, ana tsige shi ana mayar da shi, saboda ba ya sassauta wa masu faɗa a ji. A 1401 aka zuro shi da igiya daga ganuwar Dimashƙa ya gana da Timur, wanda ya kewaye birnin da yaƙi. Ya rasu a Alƙahira cikin Ramadan 808, wato 1406, yana kan kujerar alƙalanci.

To, ya ƴan'uwa, idan ƴaƴanmu sun kama wannan fanni, mu tambaye su ko sun karanta Muƙaddima, mu kuma sa su duba da idon basira abin da ke raba kan dangi da unguwa a garuruwanmu. Allah ya jiƙan Shehu Ibnu Khaldun, ya amfane mu da iliminsa. Amin.