Levi Strauss: Ɗan Kasuwar Da Sunansa Ya Zama Tambarin Wandon Jins

An haifi Levi Strauss ranar 26 ga Fabrairun 1829 a ƙauyen Buttenheim na yankin Bavariya, a ƙasar Jamus ta yau. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa ɗan koli, a zamanin da doka ta taƙaita wa Yahudawan yankin sana'a da wurin zama. Bayan tarin fuka ya yi ajalin mahaifin, Levi ya bi mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata zuwa birnin New York na Amurka, inda yayyensa Jonas da Louis ke sayar da yadudduka.

A shekarar 1853, lokacin da jama'a ke tururuwar haƙar zinare a Kaliforniya, ya koma San Francisco ya buɗe shagon sari na yadi da barguna da sauran kayan koli. Gaskiya da cika alkawari suka sa ƙananan 'yan kasuwa suka riƙe shi.

Cikin masu sayen yadinsa akwai wani tela mai suna Jacob Davis, haifaffen birnin Riga, mazaunin garin Reno a jihar Nevada. Davis ya lura cewa wandunan leburori daga bakin aljihu suke fara yagewa, sai ya riƙa dasa ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a wuraren. Kasuwa ta buɗe masa, amma yana fargabar a kwaikwayi fasaharsa, ga shi ba shi da kuɗin yi mata rajista. A 1872 ya rubuta wa Strauss wasiƙa yana neman su haɗa gwiwa. Strauss ya amince ya biya, aka ba su takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 139,121 ranar 20 ga Mayun 1873.

Davis ya koma San Francisco ya jagoranci ɗinkin. Yadin kuwa, mai zaren tsaye rinanne da shuni da zaren kwance fari, daga masaƙar Amoskeag ta jihar New Hampshire ake kawo shi. A 1886 aka fito da tambarin dawakai biyu masu jan wando, a 1890 kuma aka laƙaba wa samfurin lamba 501.

Strauss bai taɓa aure ba. A 1897 ya ɗauki nauyin guraben tallafin karatu 28 a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, ya kuma taimaka wa gidajen marayu. Ya rasu ranar 26 ga Satumban 1902 yana da shekara 73, ya bar kamfanin ga 'ya'yan 'yar'uwarsa. Girgizar ƙasa da gobarar 1906 sun cinye hedikwatar kamfanin da takardunsa, magadan suka sake gina shi.

Yadin zamaninsa a masaƙa mai ƙoshiya ake saƙa shi, siriri, mai rufaffen gefe da ba ya warwarewa. Manyan injuna masu sauri sun ture wannan saƙa, har masaƙar White Oak ta Amurka ta rufe a 2017. Yanzu ƙananan kamfanoni a Okayama da Osaka na Japan, irin su Momotaro da Studio D'Artisan, ke raya ta, suna sayar da kayan leburorin jiya da tsadar kayan ado.