Friedrich Froebel, Wanda Ya Kafa Lambun Yara

A wannan mako mun kawo muku tarihin mutumin da ya ƙirƙiro sunan Kindergarten, wanda muke gajartawa da KG. Yawancinmu mun san rabin aji ko nazare, inda ƙannenmu suke fara karatu, amma kaɗan ne suka san inda abin ya samo asali.

An haifi Friedrich Froebel ranar 21 ga Afrilu, 1782, a ƙauyen Oberweissbach da ke ƙasar Jamus. Mahaifinsa limamin coci ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana da wata tara a duniya. Da mahaifin ya sake aure, matar uban ba ta ja shi a jiki ba, shi kuma mahaifin aiki ya sha masa kai. Don haka yaron ya taso cikin kaɗaici. Itatuwa da furanni da tsuntsaye su ne abokan hirarsa. Yana ɗan shekara goma kawunsa ya ɗauke shi zuwa garin Stadtilm, a can ne ya samu kulawa da abokan wasa.

Yana ɗan shekara 15 aka kai shi koyon aikin gandun daji. A 1799 ya shiga Jami'ar Jena. A 1805 ya samu aikin koyarwa a birnin Frankfurt, nan take ya gane cewa wannan ce sana'ar da ta dace da shi. Ya je ƙasar Suwizalan wurin shahararren malami Pestalozzi don ya ƙaro sani. A 1813 ya shiga soja ya yi yaƙi da rundunar Napoleon ta Faransa. Bayan yaƙi ya yi aiki a gidan adana duwatsun ma'adinai a Berlin, inda ya riƙa nazarin siffofinsu. A 1816 ya buɗe makarantarsa ta farko, wadda ya mayar ƙauyen Keilhau bayan shekara ɗaya.

A wancan zamani manya da yawa suna ɗaukar wasan yara a matsayin ɓata lokaci. Froebel bai yarda da haka ba. Ya lura cewa idan yaro yana wasa, hannunsa da idonsa da harshensa da tunaninsa duk suna aiki tare. A ganinsa yaro kamar tsiro yake, malami kuma mai lambu. Mai lambu ba ya jan tsiro da hannu don ya yi tsawo, sai dai ya gyara ƙasa, ya ba shi ruwa, ya bar rana ta same shi.

A 1837 ya buɗe wurin wasa da ayyukan hannu na ƙananan yara a garin Blankenburg. A 1840 ya raɗa masa suna Kindergarten, wato lambun yara da Jamusanci. Kuma akwai lambun na gaske. Kowane yaro yana da ɗan fegi nasa da yake shuka abin da yake so, sannan akwai fegin da kowa da kowa ke nomawa tare. Da haka yaro ke koyon kula da abinsa da kuma taimakon juna.

Ya kuma ƙera kayan wasa da ya kira kyaututtuka. Kyauta ta farko ƙwallaye shida ne masu laushi na zaren ulu, kowace da launinta. Ta biyu katako ne guda uku: ɗaya mulmulalle, ɗaya mai siffar gwangwani, ɗaya mai siffar dunƙulen magi. Ta uku dunƙule ɗaya ne da aka yanka gida takwas. Yaro zai gina gida ko kujera da su, ya rushe, ya sake ginawa, a haka zai san ƙirga da rabi da kwata ba tare da an matsa masa ba. Ban da waɗannan akwai naɗe takarda, da saƙa, da ginin yumɓu, da waƙoƙi, da wasannin da ake yi a da'ira. Ya horar da mata da yawa a kan wannan aiki, a lokacin da koyarwa kusan ta maza ce kawai.

Ƙarshen rayuwarsa bai zo da daɗi ba. A 1851 gwamnatin Prussia, babbar masarauta a Jamus ta lokacin, ta haramta lambun yara. Ta zarge shi da raba yara da addini, saboda ta haɗa shi da rubuce-rubucen siyasa na ɗan ɗan'uwansa, Karl Froebel. Ya rasu ranar 21 ga Yuni, 1852, yana da shekara 70, haramcin yana nan. Sai a 1860 aka ɗage shi. Amma matan da suka koyi tsarinsa sun kai shi Ingila da Amurka. A 1856 Margarethe Schurz ta buɗe lambun yara na farko a Amurka, a jihar Wisconsin.

Sunan ya iso mana, saura mu tabbatar abin da ke cikinsa ma ya iso. Ɗan shekara huɗu da aka zaunar wuri ɗaya tun safe, bulala na kansa, zai iya tsanar makaranta tun bai san daɗinta ba. Abin da Froebel ya yi amfani da shi ba mai tsada ba ne. Muna da yashi, da yumɓu, da kara, da marafan kwalba, da guntayen katako a wurin kafinta. Muna roƙon malamanmu su ware wa ƙanana inuwa da ɗan fegi a harabar makaranta. Mu kuma yayye, idan mun ga ƙaninmu yana gina gida da ƙasa, kada mu rushe masa. Mu tsuguna mu tambaye shi ɗaki nawa ya gina.