William Whiteley: Attajirin da mahautan unguwarsa suka ƙona gunkinsa

A watan Nuwamba na 1876, mahautan unguwar Bayswater da ke yammacin Landan suka haɗa mutum-mutumi, suka zaga da shi titi cikin ihu da sowa, sannan suka banka masa wuta. Surar wani maƙwabcinsu ce, William Whiteley, mai sayar da yadi wanda ya fara sayar da nama a kantinsa da farashin da ba za su iya bi ba.

An haifi Whiteley a 1831 a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila, ya kuma koyi cinikin yadi a garin Wakefield. A 1851 ya je Landan kallon babban baje kolin da aka shirya a Hyde Park, inda ya ga hajojin duniya jibge cikin gini guda na gilashi. Daga nan ya ƙudura cewa irin wannan kantin zai kafa. Ya koma Landan da zama da ɗan guzirin da bai taka kara ya karya ba, ya yi shekaru yana yaron shago yana ƙuntata wa kansa, har ya tara fam 700.

Wurin da ya zaɓa a 1863 shi ne abin lura. Titin Westbourne Grove a wancan zamani yana gefen birni ne, kuma ya yi ƙaurin suna wajen karya jarin 'yan kasuwa, har ana yi masa laƙabi da titin karayar arziki. Shi kuwa abin da ya hango daban ne: ana ta gina gidajen masu hali a kewayen, ga tashar jirgin ƙasa ta Paddington a kusa, kuma a watan Janairun shekarar aka buɗe layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya, wanda ya taso daga nan. Ya kama shago mai lamba 31 da 'yan mata biyu masu sayarwa da yaron aike ɗaya.

Ciniki ya buɗe. Duk shagon da ya faɗi a jere da nasa sai ya karɓe, ya mayar da shi wani sashe na kantinsa. Daga yadi ya shiga takalma da kayan ɗaki da gwala-gwalai, ya buɗe wurin cin abinci, ya shiga dillancin gidaje, daga bisani har gonaki ya saya a Hanworth don samar wa kantin abinci. Ya sa wa kansa laƙabin mai samar da komai, aka kuma riƙa cewa zai iya kawo wa mutum abu daga ɗan fil har zuwa giwa. Wanda ya riski zamanin Kingsway da Leventis a nan ƙasar ya san fasalin irin wannan kanti.

Matar gida ta ji daɗi, don a fita ɗaya take gama cefane da sayayya. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa suka ga ana zare musu abinci daga baki, kuma a ganina ba su yi kuskuren fahimta ba. A shekarun 1880 gobara ta tashi a kantin sau da dama, mafi muni ita ce ta 1887. An yi zargin da gangan ake cinna wutar. Kowane karo sai ya sake gini.

Ma'aikatansa ma ba su ji da daɗi ba. Yawansu ya kai kusan 6,000, da yawa suna kwana a gidajen da ya tanada, suna aiki tun sassafe har dare kwana shida a mako, ƙarƙashin dokoki 176 da ake cin tara a kan saɓa su. Ya auri ɗaya daga cikin ma'aikatansa na farko, Harriet Hill, amma suka rabu a 1881, kuma maganar mu'amalarsa da mata ba ɓoyayyiya ba ce.

Ta wannan ƙofa ajali ya zo masa. A ranar 24 ga Janairu, 1907, wani saurayi mai suna Horace Rayner ya shiga ofishinsa yana cewa shi ɗansa ne da aka haifa ba da aure ba, yana neman taimako. Ya harbe Whiteley har lahira, ya kuma harbi kansa amma bai mutu ba. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Mutane sama da 100,000 suka sa hannu a takardar neman sassauci, aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, aka sake shi a 1919.

Da aka buɗe wasiyyarsa sai aka tarar ya bar fam miliyan 1 don a gina wa tsofaffi marasa galihu matsuguni. Da kuɗin aka kafa ƙauyen Whiteley a Surrey, wanda har yanzu tsofaffi ke zaune a cikinsa. Kantin kuwa ya koma sabon gini a Queensway a 1911, Gordon Selfridge ya saye shi a 1927, aka rufe shi a 1981.