Ɗanƙwairo: Daga Kiɗan Noma Zuwa Fada

Kai da ke kunna waƙar Ɗanƙwairo a wayarka, ka san da kiɗan noma ya fara? An haifi Musa wajajen 1909 a Ɗankadu, ƙasar Bakura. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin Sarkin Kayan Maradun ne, kuma tun yana yaro yake yi masa amshi. Sunan ma na aro ne: wani yaron uban mai zaƙin murya ake kira Ɗanƙwairo, da aka ji muryar Musa sai aka liƙa masa. Ya zauna ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayarin 'yan kotso, ya waƙe 'Yandoton Tsafe da Sardauna da Sarkin Daura Bashar. Ni dai, wallahi amshin nan nasu, har yau ban ji situdiyon da ya kamo ƙafarsa ba. Ya rasu a 1991.