Henri Dunant: ɗan kasuwar birnin Jeneba da ya karye, ya bar wa duniya Croix-Rouge

A yau za mu kai ku ƙasar Suwis, cikin birnin Jeneba, domin mu ba ku labarin wani ɗan kasuwa mai suna Henri Dunant, wanda ya karye har ya bar garinsu saboda kunyar bashi, alhali kuwa shi ne ya assasa ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, wadda ƴan uwanmu na Najeriya da Gana suke kira Red Cross.

Kafin mu shiga rayuwarsa, ya kamata mu san garin da ya haife shi. Jeneba gari ne na bakin iyaka, yana zaune a ƙarshen wani babban tafki mai suna Leman, daidai inda kogin Rhône yake fita daga tafkin ya nufi Faransa. Iyakar jihar Jeneba da ƙasar Faransa ta wuce kilomita 100, amma inda ta haɗu da sauran ƙasar Suwis bai kai kilomita 5 ba. Tun ƙarni na 15 garin ya yi suna da manyan kasuwanni da suke ci sau huɗu a shekara, inda fatake da ƴan canji daga Italiya, Jamus da Faransa suke haɗuwa. A shekara ta 1462 sarkin Faransa Louis na 11 ya hana fataken ƙasarsa zuwa cin kasuwar Jeneba domin ya raya ta birnin Lyon, sai kasuwar ta ja baya. Mu da muke neman abinci a bakin iyaka mun san abin da sa hannun sarki ɗaya yake iya yi wa gari sukutum.

Abin da ya tayar da garin daga baya shi ne baƙi. A ƙarni na 16, zamanin malamin kirista Jean Calvin, dubban mutanen da aka tsananta wa a Faransa saboda aƙidarsu suka yi hijira zuwa Jeneba, suka zo da sana'o'insu da jarinsu. Daga nan ƙirar agogo ta kafu, har maƙeran agogo suka kafa ƙungiyarsu a 1601, sannan aikin banki ya biyo baya. A irin wannan gari mutum da sunansa yake ciniki, kuma wanda ya ci amanar kuɗin mutane ba ya sake ɗaga kai. Sai a 1815 Jeneba ta shiga tarayyar Suwis.

An haifi Henri Dunant a ranar 8 ga watan Mayu na 1828. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai kula da marayu da fursunoni, mahaifiyarsa kuma tana ziyarar marasa lafiya da matalauta, shi ma tun yana saurayi ya ɗauki wannan hali. Karatun boko bai karɓe shi ba, saboda haka a 1849 ya shiga koyon aiki a gidan banki na Lullin da Sautter. A 1853 aka tura shi Aljeriya, wadda a lokacin take hannun Faransa, domin yi wa wani kamfanin mutanen Jeneba aiki a yankin Setif. Gaskiya ɗaya da bai kamata a ɓoye ba ita ce, filayen da irin waɗannan kamfanoni suke nomawa ƙasar mutanen Aljeriya ce da ƴan mulkin mallaka suka raba wa Turawa.

Da idonsa ya buɗe, sai ya kafa nasa kamfani na noman alkama da injinan niƙa masu aiki da ƙarfin ruwa a wani wuri da ake kira Mons-Djemila. Dangi da abokai da attajiran Jeneba suka zuba hannun jari. An gina injin, amma hukumomin Faransa suka riƙa yi masa yawo da hankali a kan takardun fili da izinin ruwa. Da ya ga jarin mutane yana narkewa, sai ya yanke shawarar kai kukansa wurin sarkin Faransa da kansa, Napoleon na 3, wanda a lokacin yake fagen daga a arewacin Italiya, yana taya mutanen Sardiniya yaƙi da Ostiriya.

Wannan tafiya ta neman takarda ita ta kai shi kusa da ƙauyen Solferino, inda aka gwabza a ranar 24 ga watan Yuni na 1859. A wuni ɗaya wajen mutum 40,000 suka faɗi, tsakanin matattu da masu rauni, kuma likitocin soja ba su da yawan da za su kula da su. A garin Castiglione da ke kusa, Dunant ya tarar an jibge ɗaruruwan masu rauni a cikin babban cocin garin, babu ruwa, babu magani. Ya ajiye zancen injin niƙa, ya tara matan garin, suka shiga wanke raunuka da ba da ruwa da rubuta wa masu mutuwa wasiƙun ban kwana. Ya sayi kayan aiki da kuɗin aljihunsa, ya kuma dage a kan kada a bambanta sojan Faransa da na Ostiriya. Buƙatar da ta kawo shi kuwa ba ta biya ba.

Bayan ya koma gida ya rubuta littafi a kan abin da ya gani, mai suna Un souvenir de Solférino, ya buga kwafi 1,600 da kuɗinsa a 1862, ya aika wa sarakuna da manyan sojoji na Turai. Shawara biyu ya kawo: kowace ƙasa ta kafa ƙungiyar ƴan sa kai tun lokacin zaman lafiya, kuma ƙasashe su ƙulla yarjejeniya cewa ba za a taɓa mai rauni da mai yi masa magani ba. A ranar 17 ga watan Fabrairu na 1863 mutum biyar suka zauna a Jeneba: shi Dunant, da lauya Gustave Moynier, da Janar Dufour, da likitoci biyu, Louis Appia da Théodore Maunoir. Wannan zama shi ne tushen kwamitin ƙasa da ƙasa na Croix-Rouge. A ranar 22 ga watan Agusta na 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu a kan yarjejeniyar Jeneba ta farko, aka kuma amince da alamar jan gicciye a kan farin ƙyalle. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta fara amfani da jan jinjirin wata a zamanin yaƙinta da Rasha na 1877 zuwa 1878, aka amince da shi a hukumance a 1929, shi ya sa ƙasashen musulmi da dama suke da Croissant-Rouge.

To amma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Duk shekarun da Dunant yake zagayen fadojin Turai, harkarsa ta Aljeriya tana lalacewa, shi kuma yana ƙara cin bashi domin toshe wani bashin. A 1867 bankin Crédit Genevois, wanda yake cikin shugabanninsa, ya rushe, bashin da ke kansa ya tasam ma faran miliyan ɗaya na Suwis. Dangi da abokai suka yi asarar dukiyarsu. A 1868 kotun kasuwanci ta Jeneba ta ɗora masa laifin yaudarar abokan hulɗarsa. Tun kafin hukuncin ya sauka daga muƙaminsa na sakataren kwamitin da ya kafa, ya bar Jeneba a 1867, kuma bai sake taka ta ba har ya mutu. Moynier, wanda ya shugabanci kwamitin shekaru da dama, bai taɓa sassauta masa ba.

Shekara ashirin ya yi yana gararamba tsakanin Paris, Landan da Jamus, wani lokaci har kwanan waje da yunwa, duk da haka bai daina kira a kan haƙƙin fursunonin yaƙi da hana cinikin bayi ba. A 1887 ya zauna a wani ƙauye mai suna Heiden a gabashin Suwis, daga 1892 kuma ya koma wani ɗaki a asibitin garin. Mutane da yawa sun zaci ya mutu, sai a 1895 wani ɗan jarida, Georg Baumberger, ya rubuta labarinsa, duniya ta tuna da shi. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta farko, tare da Bafaranshe Frédéric Passy. Bai ci kuɗin ba, an ajiye su a ƙasar Norwe. Ya rasu a ranar 30 ga watan Oktoba na 1910, aka binne shi a birnin Zurik. A wasiyyarsa ya ware kuɗin gado ɗaya a asibitin Heiden domin talakan da ba ya iya biya, ya ba ƙungiyoyin agaji wani kaso, wani kuma ya tafi ga masu bin sa bashi.

Wanda ya je Jeneba a yau zai ga ruwan nan da yake tsartuwa sama mita 140 a bakin tafki, da tsohon cocin Saint-Pierre a kan tudu, da kantunan agogo masu tsada, da ofisoshin manyan dillalan man fetur, kofi da hatsi na duniya. Kullum safiya dubun dubatar ma'aikata suna tsallako iyaka daga Faransa su yi aiki su koma da yamma. Zai kuma ga hedikwatar Croix-Rouge da gidan tarihinta da aka buɗe a 1988, daura da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan ga hukumar lafiya, da ta ƙwadago, da ta ciniki, da ta ƴan gudun hijira. Wannan suna na garin sulhu da agaji, wanda yake ciyar da dubban gidaje, ya fara ne daga aikin mutumin da garin ya kora.

Mu dai a nan ba mu wanke Dunant daga haƙƙin waɗanda suka ba shi amanar kuɗinsu ba, domin bashi hanji ne, kuma wanda ya riƙe jarin mutane wajibi ne ya tsaya a kansa, ya kuma faɗa musu gaskiya tun ɓarakar tana ƙarama. Amma muna kira ga ƴan uwa ƴan kasuwa, idan ɗayanmu ya karye a bi shi bashi ta hanyar da ta dace, kada a shafe alherin da ya taɓa yi. A kowace ranar 8 ga watan Mayu, ranar haihuwarsa, duniya tana bikin Croix-Rouge da Croissant-Rouge. Allah ya rufa mana asiri, ya ba da kasuwa mai albarka.